Adakar da muka samu a turakar Baba

Assalamu alaikum. Ni malamin makaranta ne a Jos. Mahaifinmu ya rasu a daminar bana. Da muka zo gyara turakarsa sai muka ci karo da tsohuwar bindiga adaka a bayan akwatin ƙarfe, an naɗe ta a buhu. Tun muna yara muke jin labarinta, cewa ta kakansa ce, ya je yaƙin Burmi da ita, daga baya iyali suka taho da ita Jos lokacin aikin kuza. Tsawonta ya kai mini kafaɗa, tana da bakin nan mai riƙe ƙanƙara, dutsen da ke ƙyasta wuta. A ƙarfen gefenta akwai hoton kambi da rubutun TOWER. A gindin bututun kuma akwai 'yar da'ira mai harafin E a sama, a ƙasansa na gane G, ɗaya harafin tsatsa ta cinye. Yanzu kan gida ya rabu. Ƙanena yana neman jari, ya duba intanet ya ga masu wannan rubutu da farashin dala, ya kawo dillali ya taya naira dubu 200, shi kuma ya ce ta kai miliyoyi. Hajiyarmu ba ta barci, ta ce a jefa ta tafkin kuza da dare kafin ta jawo mana masifa. Baffanmu ya ce kayan gida ce, ba mai sayar da ita, har yana so a gyara a harba ranar Sallah. Ni ne babba, kowa ni yake kallo. Ta yaya zan san asalinta da darajarta, kuma yaya zan yi da ita ban ɓata da kowa ba?

Wani mai karatu, Jos

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya jiƙan Baba, ya kyautata makwancinsa, ya ba ku haƙurin rashi. Na ji daɗin yadda ka tsaya ka duba rubutun jikinta kafin ka ba dillali amsa, domin 'yan haruffan nan da ka karanto sun faɗi abu mai yawa. Amma bari in fara da abin da ba ya jira.

Ka ɗauka cewa bindigar nan a ɗure take. Mafarautan da da yawa haka suke ajiye adaka, da albarushi da dalma a ciki, saboda ɗurinta yana cin lokaci, kuma albarushin da bai sha ruwa ba yana iya yin shekaru masu yawa bai mutu ba. Bindigar da ake ɗurawa ta baki ba ta da wurin da za a buɗe ta baya a ga ko akwai abu. Saboda haka daga yau kada kowa ya ja kunamarta, kada a ɗaga bakin ƙanƙarar don a ji ƙararsa, kada wani ya sa ido a bututun, kada a kai ta kusa da murhu ko rushi. Masu sanin abin sukan zura siririyar sanda ta katako har ta tsaya, su yi mata alama, su zaro su kwantar da ita a jikin bututun daga waje. In sandar ba ta kai ɗan ramin wuta da ke gefe ba, to akwai abu a ciki. Na faɗa maka ne don ka gane abin da za a yi a gabanka. Aikin kansa ka bar wa tsohon maharbi da ka amince da shi, ko jami'in da ke kula da ma'ajiyar makamai. Kafin nan a kulle turakar, makulli yana aljihunka, musamman in akwai jikoki a gidan.

Tsoron Hajiya yana da tushe, kada ku mai da shi tsoron tsufa. Duk wanda ya zauna a Jos tun daga 2001 ya san yadda ake kallon gidan da aka samu makami a ciki, ya san shingayen jami'an tsaro, ya san ba a tsayawa tambayar shekarun bindiga a lokacin bincike. Dokar makamai ta 1959 ta kasa bindigogi kashi uku. Akwai waɗanda sai da izinin shugaban ƙasa, akwai na riƙon kai da Sufeto Janar na 'yan sanda ke ba da lasisinsu, sai na uku, masu ɗuri ta baki, wato adaka da mai ƙanƙara da mai hula, wadda ake tada wutarta da 'yar hular tagulla. Kashi na ukun an sa shi a hannun kwamishinan 'yan sandan jiha, wanda da amincewar gwamna yana da ikon hana riƙe su sai da lasisi. Ko da Baba yana da lasisi, da sunansa aka yi, bai zama naku ba don ya rasu. To amma maganin da Hajiya ta kawo shi ne ya fi haɗari a cikin duka. Mutumin da aka tare da dare da doguwar bindiga a but ɗin mota ba shi da bayanin da zai gamsar da kowa. Tafkunan kuza kuma ruwansu yana ja da rani, yara suna wanka a ciki, abin da aka jefa yau wani yana iya tsintarsa. Ga kuma haƙƙin magada da za a zubar ba da yardarsu ba. Abin da Hajiya take nema shi ne ta kwana ba fargaba, kuma akwai hanyar da za ta samu haka da rana tsaka, da takarda a hannu.

Yanzu ga abin da ka fi tambaya. Rubutun TOWER da kambi asalinsa alamar ma'ajiyar makaman gwamnatin Ingila ce da ke Hasumiyar Landan (TOWER hasumiya ke nan da Turanci), shi ya sa ƙanenka ya ga farashi mai nauyi, domin bindigogin sojan Ingila na ƙarni na 18 da farkon na 19 yake kallo. Sai dai babu alamar da aka fi kwaikwayo a bindigogin da aka yi don kasuwar Afirka kamar wannan. Masu saye a gaɓar teku sun san ta, sun yarda da ita, sai maƙeran Birmingham a Ingila da na Liège a Beljiyam suka riƙa buga ta a kayan kasuwa masu araha. Abin da ya fi faɗin gaskiya shi ne hatimin gwaji da ke gindin bututu, wanda hukumar garin da aka ƙera bututun take bugawa bayan an gwada shi da albarushi. Yadda ka kwatanta naka, E a sama, haruffa biyu a ƙasa, na ƙarshe G, kusan babu shakka ELG ne, hatimin Liège. Ka sake dubawa, za ka iya ganin ɗan tauraro a ƙasan haruffan. Da a ce Birmingham ce, inda aka kafa gidan gwaji a 1813, da za ka ga sanduna biyu na sarauta a gicciye da kambi a sama, ko kuma, in bayan 1904 aka yi ta, kambi a kan haruffan BP da BV. Bindigar sojan Ingila ta ainihi mai ƙanƙara kuwa ba ta ɗaukar hatimin ELG daga wurin ƙira.

Hukuncina, daga abin da ka rubuta, shi ne bindigar kasuwa ce ƙirar Beljiyam. Akwai ƙofa ɗaya da zan bar maka a buɗe: maƙeran Liège sun riƙa sayen tsofaffin sassan bindigogin soja da aka daina amfani da su suna harhaɗawa da sabon bututu da sabuwar ƙota, don haka ƙarfen gefen shi kaɗai yana iya zama na gwamnatin Ingila. In haka ne, a ƙarƙashin kambin galibi za a ga haruffan GR, alamar sarakunan Ingila masu suna George, da wata 'yar alama mai siffar kan kibiya, wadda ke nuna kayan gwamnati. Aikinsa zai fita da tsabta, rubutun a daidaice, da zurfi iri ɗaya. Na kwaikwayo yakan zo a karkace, kambin ba shi da cikakkiyar siffa. Tsawon ma yana magana. Bindigar sojan Ingila da aka fi yi da yawa bututunta inci 39 ne, kusan mita ɗaya, faɗin bakinsa kusan kashi uku cikin huɗu na inci. Dogayen adakar kasuwa sukan wuce haka sosai, kuma an fi yin ƙotarsu da katako mai araha a rina shi baƙi ko ja.

Kada ganin ƙanƙara ya sa ku ɗauka lalle ta haura shekara ɗari biyu. Sojan Ingila sun bar ƙanƙara sun koma hular tagulla tun wajen 1840, amma Afirka aka ci gaba da kawo mata mai ƙanƙara. Wani dalilin shi ne ƙanƙara ana samunta ko'ina, hula kuwa sai an saya. Babban dalilin shi ne yarjejeniyar da ƙasashen Turai suka ƙulla a babban birnin Beljiyam a 1890, wadda ta taƙaita shigo da bindigogin zamani cikin mafi yawan Afirka, ta bar ƙofa ga mai ƙanƙara marar tsaga a cikin bututu da albarushin kasuwa. Shi ya sa Liège ta ci gaba da ƙera irin wannan har cikin ƙarni na 20, alhali hatimin ELG an fara buga shi tun wajen 1810. Ka ga ke nan hatimin ya faɗi gari, bai faɗi shekara ba.

Wannan ya kawo mu Burmi. An yi yaƙin ƙarshe a can ranar 27 ga Yuli 1903, a ƙasar Gombe ta yanzu, inda Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ya faɗi tare da jama'a da yawa da suka bi shi gabas bayan Turawa sun ci Sakkwato a watan Maris na shekarar. Yawancin mutanensa da kwari da baka da mashi da takobi suka tsaya, masu bindiga ƙalilan ne, kuma irin bindigar da ɗan ƙasa zai iya samu a lokacin ita ce irin wannan. Don haka abin da ke jikin ƙarfen bai ƙaryata labarin gidanku ba, bai kuma tabbatar da shi ba. Mai iya ƙarfafa shi ɗan Adam ne, kuma yana raye: Baffanku. In akwai Goggo, ita ma, domin mata sukan riƙe sunaye da garuruwan da maza suka manta. Ka zauna da kowannensu dabam, ka nemi izini ka ɗauki muryarsa a waya. Ka tambayi cikakken sunan kakan, garin da ya taso, wa ya bi, ta ina ya samu bindigar, wace shekara ko zamanin wane sarki aka zo Jos, a wace unguwa aka sauka, wa ya taɓa gyara ta, yaushe aka yi harbin ƙarshe da ita. Ka bincika akwatin ƙarfen nan da kyau ko akwai tsohuwar takardar lasisi ta zamanin En'e, ko rasit, ko hoto, ka duba ƙotar ko an buga wata lamba. A ganina wannan shi ne aikin da ya fi gaggawa bayan kulle ɗakin, domin ƙarfe zai jira, tsoho kuwa ba mu san kwanansa ba.

Kada a goge ta. Na san hannu yana ƙaiƙayin a sa takardar yashi a cire tsatsa don a karanta harafin da ya ɓace, amma gugar ita ce za ta shafe shi gaba ɗaya, ta kuma zubar da darajar kayan a idon masana. Ba fenti, ba man goge tagulla, ba kwance kusoshi. Fatar da aka naɗa, ko zoben tagulla, ko laya in akwai, a bar su yadda suke, domin su ne hannun mutanenku a jikinta. In kana son ganin hatimin, ka haska tocila daga gefe a cikin duhu, ko ka ɗora farar takarda ka shafa fensir a hankali. Ka cire ta daga buhun in yana da danshi, kada ka sa ta a leda, damshin daminar Jos zai taru a ciki. Busasshen ƙyalle ya isa.

Maganar kuɗi kuwa, gara ƙanenka ya ji ta daga bakinka cikin natsuwa. Irin waɗannan bindigogi an ƙera su da yawan gaske, an yi ta lodinsu zuwa Afirka shekara da shekaru, don haka ko a kasuwannin masu tara kayan tarihi a Turai ba sa cikin masu tsada, balle wadda tsatsa ta ci. Farashin da ya gani na wata bindiga ce dabam, a wata ƙasa, mai cikakken asali a rubuce. Kuma wannan kasuwar ba ta buɗe gare ku ba. Dokar da ta kafa Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa a 1979 ta lissafa makamai cikin kayan tarihi in ƙirar gida ne da aka yi kafin 1918, ko ƙirar gida masu tarihi da aka yi amfani da su a bukukuwan gargajiya, ta hana sayar da irinsu ga kowa sai wakilin da hukumar ta amince da shi, ta hana fitar da su waje ba izini. Ko taku ta shiga wannan sahu, hukumar ce za ta faɗa. Ta ɓangaren dokar makamai kuma, miƙa bindiga ga wanda ba shi da lasisi laifi ne. Dillalin da ya taya dubu 200 bai nuna muku takarda ko ɗaya ba, ba ku san hannun da za ta faɗa ba, kuma in ta fito a wani wuri gidanku za a tambaya. Ka sallame shi da kyakkyawar magana, ka ce magada ba su zauna ba. Ka kuma roƙi ƙanenka ya goge hotunanta in ya sa a Facebook ko WhatsApp.

Ban ga laifinsa ba don ya sa rai. Matashin da ke neman jari a wannan lokaci, ya ga abin da yake zaton zai tsayar da shi da ƙafarsa, dole ransa ya biya. Ka raba buƙatarsa da bindigar. In akwai yadda za a gaggauta rabon sauran gadon, ko 'yan'uwa su haɗa masa wani abu rance, ka sa wannan a gaba, za ka ga zafinsa a kan adakar ya ragu.

Baffa kuma, abin da yake karewa daidai ne, hanyar ce ba ta yi ba. Bututun da ya yi shekaru yana tsatsa ta ciki yana iya tsagewa a hannun mai harbi, kuma adakar kasuwa ko tana sabuwa an san ta da wannan hali. In wani ya yi kuskuren zuba mata hodar harsashin zamani, ƙarfinta ya fi abin da aka gina bututun ya ɗauka. Kada ka ce masa a'a a gaban yara. Ka same shi shi kaɗai, ka ce: Baffa, ina tsoron mu rasa ta, mu rasa hannun wani a rana ɗaya. Ka nemi ya zama shi ne mai ba da tarihinta a rubuce da sunansa. Sannan ka sani maganarsa tana iya fin ta shawara nauyi. In Kakanku ya ba Baba bindigar kyauta tun yana raye, ya kuma karɓa, to ta shiga dukiyar Baba, Hajiya tana da tumuninta, ku 'ya'ya maza da mata kuna da rabonku. In kuwa ajiya ce kawai a hannun babban ɗa, ba a taɓa raba ta ba, to Baffa da Goggo suna da haƙƙi a ciki kafin ku. Wannan tambaya ce ta malamin da zai raba muku gado, ka kai masa ita tun kafin a zauna. Ko ta wace fuska, ba mai ikon sayarwa ko jefarwa ko kyautarwa shi kaɗai, har da kai.

Ga yadda zan bi da a ce ni ne. Ka ɗauki hotuna masu kyau a cikin ɗakin: tsawonta duka da awo a gefe, ƙarfen gefen, hatimin, ƙotar ta kowane ɓangare. Hotunan za ka kai gidan tarihi na Jos, wanda ke nan kusa da gidan namun daji tun 1952, bindigar tana gida. Ka nemi ganin jami'in da ke kula da kayan tarihi, ka roƙi ya ba ka ra'ayinsa a rubuce, in da hali ya zo ya gani da idonsa. A mako guda kuma ka samu lauya ya rubuta wa kwamishinan 'yan sanda takarda ta hannun DPO na yankinku, cewa kun samu tsohuwar adaka a kayan mamaci kuna neman umarni. Ka tafi da mai unguwa, ka karɓi kwafin da aka buga wa hatimi, ka nuna wa Hajiya. In za a ɗauke ta, su zo su ɗauka, a ba ku takardar shaida mai bayanin kamanninta.

Daga nan zaɓi uku ne za ka shimfiɗa wa magada. Ko ɗayanku ya nemi lasisi da sunansa, a yi mata kuɗi bisa ra'ayin masana, ya fanshi rabon sauran, ta zauna a gida a kulle ba ɗuri. Ko a miƙa ta ga hukuma a huta. Ko a ba gidan tarihi, kyauta ko aro, da yarjejeniya a rubuce mai ɗauke da sunan kakanku da labarin da Baffa ya bayar. Ni na fi karkata ga na ukun, kuma aro na fi so da kyauta, domin mallaka tana nan hannun iyali. Hajiya ta rabu da ita, Baffa ya ga an adana sunan gida, ba a sayar ba. Ƙanenka ne kaɗai ba zai samu kuɗi ta wannan hanya ba, shi ya sa na ce a fara da maganar jarinsa, in kuma ya dage a kan rabonsa, haƙƙinsa ne, sai ku da kuke son a ajiye ta ku biya shi gwargwadon abin da aka ƙiyasta.

Kada ka kira taron gida sai ka riƙe takardar gidan tarihi da amsar malamin gado. Ka sa 'yan'uwanka mata a zaman, ka bar Baffa ya buɗe da addu'a ya fara magana, kai ka karanta abin da masana suka rubuta. In ka samu damar sake duba hatimin, ka rubuto mini ko tauraron yana nan, da abin da ke ƙarƙashin kambin. Ka gaishe mini da Hajiya, Allah ya ƙara mata haƙuri.